Tsarabar Hajiya Tabawa

Kwana huɗu ke nan ba wanda ya kira ni don aiki. In wayar ta yi ƙara, to mai soke rana ce.

"Rahamatu, lallen nan na ran Talata, a bar shi kawai. An samu ɗan canji."

"To," nake cewa. Ban taɓa tambayar wane canji ba.

Amare goma sha ɗaya ke jirana kafin azumi ya kama. Zuwa ranar Laraba ko ɗaya ba ta rage ba. Na yi ta jiran in ji zafin abin, ban ji ba. Ina cin abinci, ina sallah, ina share tsakar gida, amma kamar wata ce ke yi ni kuma ina kallonta.

Shekarata shida ina zanen lalle a Samaru. Ban taɓa kafa allo a ƙofar gida ba, ban taɓa buga kati ba. Hannun amarya shi ne tallata. Wata ta gani a wurin kamu, ta kamo hannun ta juya shi, ta ce wa ya yi miki? A ce Rahamatun Hayin Dogo. Haka sunana ya bi bakin mata daga ɗakunan kwanan ɗalibai har ya tsallaka Sabon Gari. Bakin da ya ɗauki shekara shida yana ɗaga ni, kwana huɗu ya ishe shi ya sauke ni.

Larabar da ta wuce ce aka kira ni Jushi, gidan su Usaid, in yi wa ƙanwarsa Nana Aisha lallen aure.

Usaid shi ne wanda zan aura. Ma'aikaci ne a sakatariya, shekararmu biyu tare, an sa mana rana bayan ƙaramar Sallah. Kafin a kai ga sa ranar nan an sha fama. Mahaifiyarsa, Hajiya Tabawa, babbar 'yar kasuwa ce mai zuwa Dubai saro kaya, gidansu kuma gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Ni kuwa mahaifina masinja ne a jami'a har Allah ya karɓi abinsa. Hajiya ta ce ɗanta ba zai auri 'yar masinja mai bin gidajen biki da leda ba. Sai da kawunsa ya tsaya tsayin daka sannan ta yi shiru, shirun ma ba na yarda ba.

Ina da ƙa'ida ɗaya da ban taɓa karyawa ba. Baƙin lalle sunansa kawai lalle, dayis ne, dayis kuwa ba ya jin magiya. Duk sabon kwalin da na buɗe sai na ɗiga shi a cikin hannuna in jira kwana biyu. In bai yi ja ba, bai yi ƙaiƙayi ba, sannan ya taɓa jikin 'yar mutane.

Ranar na gama wa Nana jan lalle, na ciro dayis ɗina zan kwaɓa, sai ga Hajiya ta shigo da wani kwali a hannu. Ɗakin cike yake da gwaggonni da ƙawayenta.

"Mayar da wannan na kasuwar Sabon Gari," in ji ta. "Ga wanda na zo da shi. Katan guda na ɗauko, gida tara na raba wa tsaraba, wannan na ajiye wa Nana."

Ta lissafa gidajen ɗaya bayan ɗaya don a ji. Sannan ta miƙo mini da hannunta.

"Karɓi, 'yata."

Shekara biyu ina durƙusa wa matar nan, amsarta ba ta taɓa wuce "lafiya" ba. Yau ga shi a gaban dangi ta ce 'yata.

Kwalin mai hoton dawisu ne, rubutun jikinsa ba boko ba, ba Larabci ba. Na san abin da ya kamata in ce. Hajiya, a ba ni kwana biyu in gwada. To amma wace ce za ta dubi uwar mijin da za ta aura, a gaban ƙawayenta, ta ce sai ta gwada kyautarta? Daidai yake da a ba ka tuwo ka kai hanci ka shinshina. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na ce an gode, Allah ya ƙara arziki.

Ban taɓa yin zanen da ya kai na ranar kyau ba. Ya fito baƙi wuluk, mata sai zuwa suke suna leƙawa. Ina tsakiyar ƙafa ta biyu Nana ta ce, "Anti Rahama, yana ɗan zafi."

"Kamawa yake," in ji wata gwaggo.

"Kamawa yake," ni ma na ce.

Ran Alhamis ta wayi gari da susa. Ran Juma'a duk inda tsinkena ya bi ya tashi ya ɗuri ruwa, fure da reshe da ganye, komai a inda na zana shi. Ran Asabar aka ɗaura aure amarya tana gadon asibiti, hannu da ƙafa a naɗe. Likita ya ce tabon zai daɗe kafin ya ɓace.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle na gidan biki. Wasu suka ce ruwan batir nake zubawa a haɗina. Wasu suka ce hassada ce, don ƙanwar miji ta riga ni shiga ɗaki. A motar haya daga Sabon Gari zuwa Samaru na ji wata tana rantsuwa wai an yanke wa amarya yatsu biyu. Kusa da ita nake zaune, ni ma na riƙe mata jakarta ta sauka. Ba wanda ya ambaci kwali mai dawisu. Matan da ke ɗakin ranar, duk sun manta lokaci guda.

Da azahar ɗin Laraba Mama ta leƙo ɗakina.

"Malam Jafaru yana zaure. Ki saki fuska, don Allah."

Malam Jafaru mai shagon atamfa ne a kasuwar Sabon Gari. Ya daɗe yana nemana, ko da aka sa ranata da Usaid bai daina aiko wa Mama gaisuwa ba. Mama na sonsa, ba ta kuma ɓoyewa.

Bayan mun gaisa ya gyara zama, irin na wanda zai yi ciniki.

"Rahamatu, ni ɗan kasuwa ne, bari in gaya miki abin da na sani. Magana ba a kashe ta da rantsuwa. Da wata maganar ake kashe ta. Mata sun fi talatin da ke shiga shagona kullum. Biyar kawai zan zaɓa, masu baki, in ce musu amaryar nan man bilicin take shafawa, fatarta ta yi laushi, shi ya sa abin ya ci ta. Kafin Juma'a ke za a riƙa ba haƙuri."

"Ba ta shafawa," na ce.

"Wa ya tambaye ki ko tana shafawa?"

"Tana kwance hannu a naɗe, Malam. A ƙara mata da wannan?"

Ya yi ɗan murmushi.

"Ke kike tausayinsu. Su fa? Kwana nawa yau, ɗan nasu ya tako nan?"

Gaskiya ne, bai tako ba.

"To ni ga ni. Ban ji kunyar tsayawa a ƙofarku da rana tsaka ba. In suka janye, ko gobe ne magabatana za su zo. Shago ma sai in buɗe miki, da allo da komai."

Na ce na gode, na kuma roƙe shi kada ya sa sunan Nana a bakin kowa. Ya tashi yana girgiza kai.

Mama na jin komai daga bayan ƙyaure. Ina shiga ta tare ni.

"Ke wace irin yarinya ce? Ki fito ki faɗa wa duniya wanda ya ba ki kwalin nan."

"Mama, uwarsa ce."

"To ai shi ke nan. Ɗan Hajiya ne kafin ya zama naki, ki rubuta ki ajiye."

Ta juya tana share ido da bakin zane. Na tsaya ina kallonta. Ya kamata in rarrashe ta, amma sai na je na ci gaba da tsintar shinkafa.

Usaid ya zo ran Alhamis bayan an tashi daga ofis. Ruwa ake yi, rigarsa ta jiƙe a kafaɗa. Ya rame. Ya zauna a kan bencin zaure bai ko cire hula ba.

"Ya jikin Nana?" na tambaya.

"Da sauƙi. An sallame ta, tana gidan mijinta. Sai an ba ta abinci a baki."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Rahama, haka za ki yi mini magana? Kamar baƙo?"

"To yaya zan yi, Ya Usaid?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun ran Asabar Hajiya ta ce an fasa aurenmu. Kwana biyar ina durƙushe a ɗakinta. Na je na ɗauko Kawu, shi ma ya yi iya yinsa. Jiya ta sauko, amma da sharaɗi uku."

"Ina ji."

"Ran Litinin bayan la'asar za ki zo gida. Za ta tara gwaggonni, ki ba da haƙuri a gabansu, ki ce haɗinki ne ya ɓaci. Na biyu, ki ajiye sana'ar nan gaba ɗaya. Na uku..." Ya kau da kai. "Kada sunan tsarabarta ya fito daga bakinki, ko da wasa, har abada."

"Kai ka san abin da ya faru?"

"Na sani. Nana ma ta gaya mini. Amma Hajiya ta ce kayan Dubai ba ya cuta, ke ce kika zuba ruwan haɗi ya yi yawa. Ban sani ba ko ta yarda da hakan ne ko kuwa so take ta yarda. Rahama, 'yarta ce fa. Kin san abin da zai same ta in ta amince da hannunta ta miƙa abin?"

"Ni kuma da hannuna na zana."

"Na sani." Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Wallahi na san ana cutar ki. Amma ba ni da wata hanya. In kika ce a'a, na rasa ki. In na bijire mata, ta ce ba ta yafe mini nononta ba. Ki rufa mini asiri ki shanye wannan. Wata biyu ne ya rage. Ranar da kika shiga gidana zan share miki hawayenki, na yi miki alkawari."

Ban san wane hawaye zai share ba, don babu ko ɗigo a idona. Ina son mutumin nan, wannan ban taɓa shakka ba. Amma a ranar son ma kamar a nesa nake hango shi.

"To," na ce.

"Kin yarda?"

"Na ce to."

Ya yi ta godiya yana kuka, yana cewa Allah ya saka mini. Na kawo masa lema na raka shi bakin ƙofa.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, tun ran Laraba da safe na yi abin da ya kamata in yi mako guda da ya wuce. Ragowar dayis ɗin Hajiya na jakata. Na kwaɓa shi, na kwaɓa nawa, da ruwan haɗi ɗaya, awo ɗaya. Na ɗiga nawa a hannun hagu, nata a dama. So nake in san ko ni ce.

Ran Juma'a na tafi kemis ɗin da Jemimah ke aiki, kusa da kasuwar Samaru. Ƙawata ce tun firamare, 'yar malamin coci ce daga Wusasa, nas ce yanzu. Ita ce ma ta fara yawo da zanena a hannu har 'yan cocinsu suka fara nemana in za su yi aure.

Na naɗe hannun riga na nuna mata. Hagu baƙin ɗigo ne kawai, lafiya lau. Dama ya kumbura ya yi ja, ya ɗuri ruwa kamar ƙunar man gyaɗa.

"Ke yarinyan nan, kina da hankali kuwa?" Ta jawo ni ciki ta zaunar. "Kin ga abin da ya yi wa mutum, kika sa a jikinki?"

"Ɗigo ɗaya ne."

"Ɗigo ɗaya ya yi wannan." Ta ɗauko auduga tana wankewa. "Wannan ba na jikin mutum ba ne, Rahamatu. Ko wa aka sa wa sai ya ci shi. Zafi?"

"Ban sani ba."

Ta ɗago ta dube ni. Da na ba ta labarin sharuɗɗan Hajiya sai ta tsaya da naɗin bandejin.

"Dakata. Katan guda kika ce ta kawo?"

"Gida tara ta raba wa."

"Akwai masu biki a ciki?"

"Huɗu amarena ne da suka soke."

"To in sun soke ki, wajen wa za su je?"

"Wajen wata mai lallen."

"Da kwalinsu a hannu."

Sai a lokacin abin ya zauna mini. Kowa a garin nan ya yarda hannuna ne ya yi ɓarna. To tunda hannuna ne, dayis ɗin ba shi da laifi. Za su guje ni su riƙe shi, har ma su yi alfahari na waje ne.

"Ta farko yaushe ne?" in ji Jemimah.

"Talata. 'Yar Hajiya Dudu, a Zabi."

"Ni dai ba zan ce miki ki kashe aurenki ba, ba ni zan kwana da abin ba. Amma ni na ga hannun Nana, abokiyar aikina ce ta yi mata wanki. Ban so in sake ganin irinsa." Ta ɗaure bandejin. "In za ki je, kada ki je da rantsuwa. Ki fara da naki laifin, sannan ki nuna musu wannan. Gani ya kori ji."

Ina fita na kira Usaid. Na gaya masa gwajin da na yi, na ce ba sai an ambaci sunan kowa ba, Hajiya ta aika a karɓo kwalayen a asirce, ko ta ce za ta canza musu da wani. Ya ce dabara ce mai kyau, zai yi mata magana.

Sai ran Lahadi ya kira.

"Na yi mata magana, Rahama."

"Ta ce me?"

"Ta ce karɓo kwalayen nan daidai yake da ta hau soro ta shelanta ita ta ƙona 'yarta. Ta ce in na sake tayar da zancen, kada in ƙara taka ɗakinta."

"Jibi ne fa Talata."

"Wataƙila jikin Nana ne kawai bai karɓa ba."

"Da jikina?"

Ina jin numfashinsa ta wayar.

"Ki bari a ɗaura tukuna. Don girman Allah, Rahama, kada ki yi wani abu. Gobe bayan la'asar ina jiranki a ƙofar gida."

Litinin da safe na yi wanka, na sa mayafin da na tanada don zuwa ba da haƙuri. Ban yi dogon tunani ba, ban kuma ji wata jarumta ba. Na hau mota zuwa Sabon Gari, daga nan na tari acaɓa na ce Zabi.

Hajiya Dudu na tsakar gida ana yi mata tankaɗen garin alkaki. Tana ganina ta haɗe rai.

"Ai mun aiko miki an fasa."

"Na samu saƙo, Hajiya. Ba neman aiki na zo ba."

Na durƙusa na gaishe ta. Amaryar ta leƙo daga ɗaki, 'yar siririya, hannunta fari tas.

"Abin da ya samu Nana Aisha akwai laifina a ciki," na ce. "Na sa mata dayis ɗin da ban gwada ba, alhali na saba gwadawa. Ta ce mini yana zafi ban wanke ba. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma na zo in roƙe ku, in akwai kwali mai hoton dawisu a gidan nan, kada ya taɓa jikin kowa."

Na kwance bandejin. Masu tankaɗe suka ajiye rariya suka matso.

"Wannan nawa ne," na nuna hagu. "Wannan mai dawisu ne. Ɗigo ɗaya, ruwan haɗi ɗaya."

Hajiya Dudu ta kama hannuna ta juya shi wajen haske. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi 'yarta.

"Mai dawisu," ta ce a hankali. "Wanda Tabawa ta ba mu?"

Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na sunkuyar da kai. Na riƙe sharaɗi na uku, sunan bai fito daga bakina ba, amma ni da ita mun san hakan ba zai amfana mini komai ba.

Ban kai zaure ba na ji ta tana cewa a miƙo mata waya.

A gida na biyu sai da na sake kwance bandejin. A na uku na tarar da matar gidan tsaye da kwalin a hannu, tana jirana. Daga na biyar ba su ma bari na yi bayani ba, hannun kawai suke so su gani, wasu har da kiran maƙwabta. Wata ta zage ni, ta ce butulu, matar da ta yarda ta ba ni ɗanta zan tozarta. Wata ta rungume ni. Duka biyun "to" na ce musu.

Ina gida na bakwai, a unguwar Jama'a, aka kira la'asar. Wayata ta yi ƙara sau uku a jaka. Na san wanda ke tsaye a ƙofar gida a Jushi yana duba hanya. Gida biyu suka rage mini, sai na tafi na ƙarasa su.

Daga ranar Usaid bai sake kira ba. Ni ma ban kira ba, don ban san me zan ce ba. Mama ta daina yi mini maganar Jafaru, sai dai ta riƙa bina da ido.

Ran Laraba Hajiya Dudu ta kira da kanta. Ta ce an ɗaga lallen zuwa Alhamis, kuma ba hannun da zai taɓa 'yarta sai nawa. Kafin Juma'a amare shida sun dawo, ga kuma sababbi uku da ban san su ba. Kowacce abu ɗaya take cewa, an ce in zo wajenki. Mama ta ce alhamdu lillahi. Ni ma na ce alhamdu lillahi, na je na sayo salatif ɗin yin zane.

Ran Asabar da hantsi aka kawo mini wata amarya daga Jama'a, tare da gwaggonta. Gwaggon irin matan nan ne da ba sa iya zama da shiru. Tun da suka zauna a tabarma take zuba, farashin masara, ciwon gwiwarta, halin dangin ango. Ina zane ina cewa haka ne.

"Ni fa ba nan muka yi niyyar zuwa ba," in ji ta. "Da farko da aka ce ke ce kika ƙona amarya, na ce Allah ya kiyaye. Sai jiya a gidan suna na ji cikakken labari. Na ce wa uwar yarinyar nan, ko ƙafa za mu taka sai mun je Samaru."

"Na gode, Gwaggo."

"A'a, mu ne da godiya. Yau a duniyar nan wa zai yarda aurensa ya mutu saboda hannun 'ya'yan mutane?"

Ina tsakiyar wani fure a bayan hannun amarya. Na ƙarasa ganyen da nake ja.

"Aurena?"

"To da na wa? Ai daga bakin ƙanwar Hajiyar na ji, ba a wajen bare ba. Ta ce shi yaron ya yi kuka har ya gaji, amma shekaran jiya ya durƙusa ya ce ya bi umarnin uwarsa. Gobe ma za a aiko karɓar kayan sa rana." Ta dafa gwiwata. "Kada ki damu, 'yar nan. Duk Sabon Gari an san ke ce mai gaskiya."

Amaryar ta ɗago ta dubi fuskata, sannan ta dubi gwaggonta. Ita ta fara ganewa.

"Gwaggo," ta ce ƙasa-ƙasa, "ba ta sani ba."

Gwaggon ta rufe baki da tafin hannu.

A daidai nan wayata ta fara ƙara a kan tabarma, kusa da kwanon haɗi. Sunansa ne a jiki. Mu uku muna kallonta tana haske.

"Ɗauki mana," in ji amaryar.

"In na ɗaga hannu yanzu zanen zai karkace."

Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake farawa. Na ja reshen ƙarshe har bakin yatsa, bai karkace ba ko kaɗan.

"Kawo ɗayan hannun," na ce mata.